Tsagaggun Takalman Hajjo

Akwai wani saurayi ɗan Mandera, ƙauyen manoma a ƙasar Shagari, ana ce masa Maniru. Gwamnati ce ta tura shi Romaniya karatun likita tun kafin a dawo mulkin farar hula, bai sako ƙafa gida ba sai a 1983, daidai lokacin da ake tsuke bakin aljihu. Asibitoci ba magani, gidajen mai ba mai, shinkafa sai mai hanya.

Maniru shi ne ɗan farin mahaifiyarsa, Hajjo. Yaran yanzu, ku matso ku ji, don na san wasunku uwa ce ke kiran su a waya sau uku a yini. A wancan zamani, a irin waɗannan gidaje, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta kai masa kukanta. Kakarsa ce ta raini Maniru, daga hannunta sai makarantar kwana, daga can sai Turai. Mahaifinsa ya rasu tun yana sakandare.

In Hajjo za ta yi maganarsa sai dai ta ce "wancan." Amma kada ku ɗauka ba ta son sa. Ba ta da hanyar faɗa ne sai da hannunta. Tun da ya dawo, ba wanda ta yarda ya daka masa fura sai ita.

Duk Mandera an riga an fara kiransa Likita. Sai dai da sauran aiki. Wanda ya yi karatu a ƙasar waje ba ya duba kowa a nan sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci. Akwai ta rubutu, akwai kuma ta bakin gado, inda za a kai ka gaban majiyyaci na gaske a ce duba shi ka faɗi abin da ke damunsa. A wannan ta biyun ce yawancin 'yan waje ke faɗuwa.

Saboda haka aka tura shi Bodinga, wani ƙaramin asibiti, wajen wani dattijo, Likita Tukur, wanda ya saba shirya irin su. Ya iske can wani Abdullahi da ya yi nasa karatun a Masar.

Likita Tukur mutum ne mai sanyin magana, amma ba ya rage ta. Ranar farko ya zaunar da su ya ce, "Ɗiyana, ku saurara. Mutanenmu ba su hwaɗin ciwo. Ka tambayi tsohuwa tana bakin kabari, ta ce maka da sauƙi. In ka bi bakinta, ka kashe ta. Jiki shi ka hwaɗin gaskiya. Dubi yadda taka zama, dubi yadda taka jan lumhwashi, sa'annan ka sa hannu."

Haka ya riƙa zagayawa da su gado-gado. A ja fatar ido a dubi jini. A dubi jijiyar wuya. A danna ƙauri da babban yatsa a ga ko ramin zai tsaya. A ƙwanƙwasa ƙirji a saurara.

Abdullahi ya duƙufa. Maniru kuwa yana baya, hannu cikin aljihun farar riga, yana hura hanci.

Wata rana ya kasa haƙuri ya ce, "Ranka shi daɗe, can inda munka yi karatu, inji ka yin wanga aiki. A ɗauki hoton ƙirji, a auna jini, sakamako shi hito, likita shi karanta. Wanga danne-danne da lalube ai ɗan bambanci na tsakaninsa da bokanci."

Likita Tukur bai ji haushi ba. Ya ce, "Madalla. Can ɗin, majiyyaci nawa ka taɓa da hannunka?"

Maniru ya kau da kai.

Bari in gaya muku abin da bai faɗa ba. Karatun littafi kam ya yi shi, ba ƙarya, kansa cike yake. Amma a can baƙin ɗalibai a baya suke tsayawa, suna leƙe ta kafaɗun wasu, kuma ba kowane majiyyaci ne ke yarda baƙon hannu ya taɓa shi ba. Hannun Maniru bai san jikin mutum ba. Shi ma ya san haka, kuma tsoron a gane shi ne ya mayar girman kai.

An kuwa gane. Da safiyar wata Talata, Likita Tukur ya nuna masa wani manomi mai kumburin ciki ya ce ya nemo masa gefen hanta. Maniru ya yi ta lalube a inda ba nan ba, har manomin ya fara kallon likitan yana neman ceto. Wata nas ta kau da kai tana danne dariya. Dattijon ya kama hannun Maniru a hankali zai ɗora masa inda ya dace, sai ya fizge.

A ranar ya haɗa littattafansa ya koma Mandera. Ya ce shi ba bokanci ya zo koyo ba, a ɗaki zai yi shirinsa.

Hajjo ta ji daɗi a ɓoye. Ta sa aka share masa ɗakin da ke kusa da zaure, ta hana yara wasa a wajen.

Amma Hajjo ba ta da lafiya, jama'a, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Zuciyarta ce ta fara gazawa. Ruwa yana taruwa a ƙafafunta, yana hawa. Daga rijiya zuwa gida sai ta tsaya ta dafa bango. In tana dakan furar nan, sai ta riƙe taɓarya tana haki kafin ta ci gaba. Takalman robarta suka daina shiga, ta ɗauki wuƙa ta tsaga samansu, ta ci gaba da sa su a haka.

Wadda ta lura ita ce Safinatu, ƙanwar Maniru, da ke aure a nan cikin Mandera, kullum tana leƙowa ta taya uwarsu aiki. Ita ke kai masa fura. Rannan ta ajiye ƙwarya ta ƙi tashi.

"Yaya, Inna ba ta kwanciya. Zaune taka kwana, jingine da bango. In ta kwanta sai ta ce awa ana shaƙe ta. Ƙahwarta duk ta kumbura."

Maniru ya ɗan sa yatsa a shafin da yake karantawa, ya tashi ya shiga cikin gida. Ya tsaya a bayan zanar da ta kare madafa, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya gaishe ta.

"Inna, an ce ba ki jin daɗi."

"Wa yac ce? Da sauƙi. Gajiya ta."

Ya ji sanyi a ransa, don amsar da yake so ke nan. Ya koma ɗaki ya ɗauko wasu ƙwayoyin ƙarin jini da ya zo da su daga Turai, ya ba Safinatu, ya ce a riƙa ba ta ɗaya bayan abinci. Tsakanin hannunsa da ƙafar uwarsa zana ɗaya ce. Bai zagaya ta ba.

Yana fita Hajjo ta juyo kan Safinatu. "Ki sake kai mai maganata, ni da ke ta. Mutum na biɗar abin da gari duka ka jira, ke ki ɗora mai ƙahwata? Kuma ni in miƙe ƙahwa gaban wancan? Allah shi kiyashe ni."

Safinatu ta ci gaba da tankaɗe tana hawaye.

Damina ta yi nisa, jarrabawa ta matso. Wata rana da la'asar sai ga tsohuwar motar Likita Tukur a ƙofar gida, duk ta sha taɓo. Ya je duba marasa lafiya ne a Shagari, ya ce bari ya ratse ya lallashi yaron nan ya koma, ko na 'yan kwanakin da suka rage ne.

Suna zaune a zaure suna gaisawa, idon dattijon ya faɗa kan wasu takalman roba da Safinatu ta wanke ta jingina a bakin ƙofa su sha iska. Ya daɗe yana kallon su.

"Takalman wa na?"

"Na Inna na."

"Mi yas sa anka tsaga su?"

Maniru ya ɗaga kafaɗa. Shi kullum yana tsallake su, bai taɓa lura an tsaga ba.

Likita Tukur ya ce a yi masa iso ya gaida ta. Safinatu ta shiga da murna, ta fito jiki a sanyaye. Hajjo ta ce a gaida baƙo, a gode masa, ita da sauƙi. Malamin ɗanta ne, ga ɗan kuma a zaune, ba za ta fito ba ko za a yi me. Ta kuma san in likitan ya gan ta asibiti za a kai ta, karatun wancan ya watse.

Dattijo ba ya kutsa kai gidan mutane. Ya dubi Maniru ya ce, "Ni ba ni iya shiga, amma kai gidanku na. Shiga ka danna min ƙaurinta, ka dubi wuyanta, ka hito ka hwaɗa min abin da kag gani."

A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Maniru bai ji maganar uwarsa ake yi ba. Abin da ya ji shi ne an biyo shi har gida da wata jarrabawar, za a sake kama masa hannu. Ya tuna manomin nan, ya tuna dariyar nas.

"Ai na riga na duba ta," in ji shi. "Ƙarancin jini na da gajiya. Na ɗora ta bisa magani."

"Ka duba ta da hannunka?"

"Na duba ta."

Likita Tukur ya sake kallon takalman, ya kalli saurayin. Ya ce, "To. Duk da haka ka kawo min ita Bodinga kahin ka tahi."

"In sha Allahu, ranka shi daɗe. Da na dawo."

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin nan raina ɓaci yake. Mota a ƙofar gida, likita a zaure, mara lafiya a tsakar gida, kuma ƙarya ɗaya ta raba su.

Ranar tafiya, Hajjo ta daka masa furar hanya da kanta. Ya tsaya a bayan zana ya yi mata sallama. Ta ce, "Allah... shi ba da... sa'a." Kalma ɗaya, ta ja numfashi, sannan wata. Shi ya ɗauka kunya ce ta sarƙe mata murya.

A wani babban asibitin koyarwa aka yi jarrabawar, tafiyar yini guda daga Sakkwato. Ta rubutu ba ta ba shi wahala ba, har ya riga kowa ajiye alƙalami. Sai ranar bakin gado.

Manyan likitoci biyu suka kai shi gaban wata tsohuwa da aka tokare wa baya da matasan kai. Ba hoton ƙirji, ba sakamakon jini. Ɗayansu ya ce, "Ga ta nan. Duba ta ka gaya mana."

Maniru ya durƙusa ya gaida ta, ya tambaye ta me ke damun ta.

Tsohuwa ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan. Gajiya ce."

Ya sake tambaya ta wata hanya, ta sake ba shi amsa ɗaya. Gumi ya karyo masa. Duk littattafan da ya haddace suka tsaya cak, ba wanda ya gaya masa ta inda zai fara. Kunya ta sa ya sunkuyar da kai.

Sai ya hangi takalmanta a ƙarƙashin gado. Na roba ne. An tsaga samansu da wuƙa.

Sak irin na Hajjo.

Ya ɗaga zanen da ya rufe ƙafarta, ya danna ƙaurinta da babban yatsa kamar yadda ya ga Likita Tukur na yi. Ya ɗaga yatsan. Ramin ya tsaya, bai ciko ba. Ya dubi wuyanta, jijiya ta cika ta miƙe. Ya sa abin sauraro a bayanta, ya ji ruwa yana ƙara a ƙasan huhu.

"Iya, kina iya kwanciya?"

"A zaune nake kwana, ɗan nan. In na kwanta kamar ana shaƙe ni."

"In kin ɗebo ruwa fa?"

"Sai na tsaya na dafa bango."

Babban likitan ya tambaye shi me ya gano. Maniru ya buɗe baki, bayani ya yi ta zuba. Zuciya ce ta gaza. Ya faɗi dalilin kumburin, dalilin hakin, dalilin kwana a zaune, dalilin da ya sa magana ke fita guntu-guntu. Likitocin suna gyaɗa kai. Ba su san ba tsohuwar da ke gabansu yake siffantawa ba.

"Maganinta fa?"

Ya lissafa. Ƙwayar da ke fitar da ruwa, ƙwayar da ke ƙarfafa bugun zuciya, a rage gishiri da kanwa, a daina aikin wahala. Yana faɗa yana tunawa da cewa duk rashin maganin da ake yi, ya ga waɗannan ƙwayoyin biyu da idonsa a kabad ɗin Likita Tukur.

"In aka bar ta haka, wata da watanni, tana daka tana ɗiban ruwa, ba magani?"

Maniru ya sake duban takalman nan.

"Ruwan zai cika huhu," ya ce. "Za ta mutu tana neman iska."

Bai jira komai ba. Daga ɗakin jinyar ya wuce tasha, ko jakarsa bai ɗauko ba, sai Abdullahi ne ya taho da ita daga baya. Amma ba man fetur. Motoci sun yi layi a gidajen mai tun jiya, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu. Ya hau bayan babbar motar kaya, ta lalace a hanya, ya hau wata. Tafiyar yini guda ta cinye masa kwana biyu, yana rungume da ƙullin ƙwayoyin da ya samo a wani kantin magani kusa da tasha.

Daga Shagari ya ƙarasa Mandera da ƙafa, cikin taɓo. Tun daga nesa ya hangi tabarmi a ƙofar gidansu, dattawa zaune a jere. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ƙullin magani a hannu. Ba wanda ya gaya masa komai, wani tsoho ne kawai ya taso ya kama hannunsa.

An binne ta tun jiya.

Bayan tafiyarsa ne numfashin ya ƙwace mata gaba ɗaya. Mijin Safinatu ya ɗora ta a kurar shanu zuwa Shagari, daga can aka sami mota zuwa Bodinga. Likita Tukur ya yi iya yinsa, amma ruwa ya riga ya gama cika ƙirji. Yini ɗaya ta yi a asibitin.

Da dattijon ya zo gaisuwa, Maniru ya bi shi har bakin mota. Bai iya ɗaga ido ba.

"Ranka shi daɗe, da na kawo ta ranar da kac ce..."

"Wagga tambaya an yi maka ita can, kuma Abdullahi ya hwaɗa min ka amsa daidai," in ji Likita Tukur. "Kwana na Allah na. Amma ba ni yi maka ƙarya don ka ji sanyi."

Ya buɗe ƙofar mota, sai kuma ya tsaya.

"Ni ma ina da nawa. Na ga takalmi da idona, na bari, na bi bakinka. Abin da nika hana ku kullum, shi niy yi."

Ranar sadakar bakwai Abdullahi ya zo, da jakar Maniru da kuma labari. Su biyun sun ci. A bakin gado ma Maniru ne aka fi yabawa, manyan likitocin sun ce ya san ciwon nan kamar wanda ya zauna da shi gida ɗaya. Abdullahi ya faɗi haka da kyakkyawar niyya, bai ankara ba sai da ya ga fuskar abokinsa.

Dattawan da ke wurin suka yi ta barka. Mandera ta yi likita.

Da mutane suka watse, Maniru ya shiga cikin gida. Karo na farko a rayuwarsa ya zagaya zanar nan. Ga turmi, ga taɓarya a jingine, ga wurin da bayanta ya goge bango saboda kwanan zaune. Safinatu ta fito daga ɗaki da takalman a hannu, ta ajiye a gabansa.

"A Bodinga na ce bari in biɗi wanda za shi kai maka saƙo," ta ce. "Ta riƙe min hannu. Da ƙyar taka magana. Tac ce, kada ku aika, ku bari Maniru shi gama."

Ya ɗago kai.

"Hakanan tac ce, Yaya. Maniru. Tun da anka haihe ni ban taɓa jin sunanka ga bakinta ba sai ranan nan."

Ya zauna a ƙasa, ya ɗauki takalmi ɗaya, ya sa babban yatsansa a cikin tsagar. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba a makabarta.

Washegari da safe aka gan shi a ƙofar asibitin Bodinga, ba farar riga. Da Likita Tukur ya iso, Maniru ya miƙa masa hannuwansa biyu ya ce a fara koya masa daga farko.

Darasi: Girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba, yakan fara da wanda ya fi son sa. In ba ka iya abu ba, ka ce ban iya ba, a kama hannunka a nuna maka, don kunyar minti ɗaya ta fi nadamar da ba ta da ranar ƙarewa. Ɗalibanmu da suka yi karatun likita a waje suke shirin jarrabawa, ku zauna a gaban malamanku na gida, ku taɓa majiyyata, kada ku raina asibitin ƙauye. Mu kuma sauran, iyayenmu ba sa faɗin ciwo. In Inna ta ce maka da sauƙi, kada ka juya ka tafi, ka matsa kusa ka dube ta da idonka, ka kai ta asibiti yau ba sai ka gama abin da ke gabanka ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai karanta ya tashi ya je ya dubi ƙafar mahaifiyarsa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kula da waɗanda suka rage.